Kofi Mai Jan Zare

Kamfanin da nake wa aikin buga takardu a Treichville yana da al'ada: duk dogon hutu sai ya kai 'ya'yan ma'aikata bakin teku su yi 'yan makonni. Koloni muke ce masa. 'Yata ba ta taɓa zuwa ba, don tana da farfaɗiya. Kowace shekara sai ta tsaya a ƙofar gidanmu na Bracodi tana sauraron labarin teku a bakin sa'o'inta.

Shekarar da ta cika tara na ce ya isa. Na shiga wurin maigidan kamfani, na roƙe shi ya ɗauki ma'aikaciyar jinya ta bi yaran, don tawa ma ta je.

"On va voir, madame," in ji shi, wato za a duba.

Na san wannan dubawar, ba ta ƙarewa. Amma bayan mako sai ga shi da kansa ya ce an amince. Maimakon murna, gabana ne ya faɗi. Ruwa ba ya tsami banza. Na zargi kowa: shi, da akawunsa, har direban da ya fara gaishe ni da fara'a fiye da kima. Mutum ɗaya na tsame, abokiyar aikina, Bahaushiya 'yar'uwata da nake kira Yaya. Kwano ɗaya muke cin acheke, dambun rogo, da rana. Ita aka ɗora wa shirya kayan yara, hankalina ya ɗan kwanta.

Ranar tafiya muka hallara a tashar Adjamé, motocin haya na gbaka na ta hon a kunnenmu. Ina jiran a ce babu wuri, ko mai jinyar ta fasa. Shiru. Ga mai jinyar nan da jakarta. Aka fara raba wa yara kofunan roba, duk shuɗi. Na 'yata kaɗai aka ɗaure wa jan zare a mariƙi.

Na ja Yaya gefe. "Wannan zaren fa?"

Ta kawar da kai. "Ƙanwata, kin san mutane. Sun ce ana ɗaukar ciwon ta yawu. Da haka aka yarda, don kada a haɗa kofi."

"Su wa suka ce?"

Ta koma kan rabon kofuna. Amma na san zaren. Tare muka saye shi a kasuwar Treichville, za ta yi wa autanta hula. Nan na tuna duk zuwanta gidana ba ta taɓa shan ruwanmu ba, kullum wai yanzu ta sha. Raina ya ɓaci.

Na yunƙura in tsinke zaren, ko da tafiyar za ta fasu. Sai 'yata ta leƙo ta tagar mota, ta ɗaga kofin sama, bakinta har kunne.

"Mama, duba! Ni kaɗai aka yi wa ado!"

Na ɗaga mata hannu har motar ta sha kwana.