Goggo da Agazari

A bakin Goggo, yayar mahaifina, na fara jin kalmar agazari, ina da shekara talatin da ɗoriya. Mu da muka tashi a unguwar Sintali ta Jalingo, Hausarmu ta kasuwa ce da ofis, gauraye da Fulatanci da Turanci. Mun san damina da kaka da rani, sai bazara idan zafi ya ishe mu. Goggo kuwa ta daɗe tana zaman aure a wani ƙauye a ƙasar Katsina, da mijinta ya rasu ta dawo Jalingo da kalmomin da ba kowa ke gane su ba.

A wannan shekarar Baba da ƙaninsa Baffa sun shiga damina ta biyu ba sa magana. Gonar gado ce a hanyar Sunkani aka raba musu. Baffa ya sa aka yi masa huɗa, ta ci kunyoyi uku cikin ɓangaren Baba, ya kuma kafe a kan cewa nan iyakar take tun asali. Abin ya kai mu 'ya'yansu mun fara jin nauyin shiga gidajen juna. Ana tsakiyar ruwa na je na roƙi Goggo ta sa baki. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Bari agazari ya shigo."

Na zaci wani dattijo ne take jira, har na tambaye ta ko wane ne. Ta yi dariya har da share ido, sannan ta yi mini bayani. Ta ce ɗan lokaci ne tsakanin damina da kaka: ruwa ya fara ɗaukewa, an gama noman ƙarshe, dawa ta fitar da kai amma ba ta nuna ba, rana ta buɗe da zafi. Manomi ba shi da abin da zai yi wa gona sai dai ya je ya duba ya dawo. Ta ce yanzu ko ta tara su, hankalin kowa yana kan ciyawa da taki, in kuma aka shiga girbi babu wanda zai zauna. Na fito raina ba daɗi, ina ganin jan ƙafa ne irin na tsofaffi.

Wata Asabar cikin Oktoba ta aiko in zo da mota. Muka ɗauki Baba, wai tana son ganin gona, sannan ta ce in tsaya a ƙofar Baffa. Ya leƙo ya ga wanda ke gaba, ya ɗan ja da baya, amma babu ɗayansu da ya taɓa iya musa mata. Ya shiga baya, muka kama hanya.

Gonar shiru, babu ɗan ƙwadago ko ɗaya. Ta sa na shimfiɗa tabarma a gindin ɗorawa, ta fito da fura da kindirmo ta dama da kanta. Zafin rana ya hana kowa barin inuwar. Ba ta taɓo zancen iyaka ba. Labarin mahaifiyarsu ta ɗauko, yadda take ɓoye irin dawa a tulu ta liƙe bakin da laka. Ta faɗi wani abu ba daidai ba, ina jin da gangan, sai ga su biyun sun gyara mata tare.

Can da rana ta ɗan yi sanyi ta ce su nuna mata kunyoyin. Muka kutsa cikin dawar da ta fi kowa tsawo, iri ɗaya hagu da dama. Baba ya ce daga wancan surin ne, Baffa ya ce a'a, na gaba. Suka yi ta kai da kawo, gumi na zuba, suka kasa tsayar da wurin. Goggo ta bar su har suka gaji.

"Ni ma 'yar mai gonar ce," in ji ta. "Da aka yi rabo ina nesa, na ce na bar muku. To, yau na zo karɓa. Kunyoyin nan uku nake so, duk inda suke."

Baffa ya sunkuyar da kai ya ce, "Naki ne, Adda," yadda suke kiran yayar tasu da Fulatanci. Baba ya ce shi ma ya bari.

Ba a ranar suka koma kamar da ba. A mota gaisuwa ce kawai da zancen tsadar taki. Amma da aka yi girbi, tare suka kafa duwatsu a gefe biyu na rabonta. Ni kuma na ɗauki kalmar na kai ofis, nakan faɗe ta idan aiki ya lafa, har wata abokiyar aikina 'yar garin Kona ta ɗauka ita ma.

Damina ta gaba Goggo ta shuka kuɓewa a kunyoyinta. Ƙafarta ba ta kai ta gona sosai, don haka wanda ya riga zuwa cikin su biyun shi yake nome mata.