Hammawa a Gaban Kansila

Duk tashar 'yan acaɓa ta bakin kasuwar Azare babu mai baki kamar Hammawa. In ya ɗauko ka daga asibiti, kafin ka sauka ya gyara Najeriya, ya sauke gwamna, ya naɗa wani. Baki dai shi ke yanka wuya, amma nasa har lokacin bai yanka komai ba.

A dogon hutun 2006 wasu ɗalibai 'yan sa-kai suka zo daga wata jami'a a Sudan, suna koya wa matasa yadda ake kai kuka gaban shugabanni. Hammawa ya je don an ce akwai lemo, ya zarce ya zama gwanin aji. Jagorarsu Ikhlas ta koya musu su miƙe tsaye, su kalli shugaba cikin ido, kada su tafi sai an ba su rana.

Famfon unguwar su Hammawa ya daɗe da mutuwa, mata na shan tafiya da jarkoki. Aka zaɓi Hammawa ya yi wa kansila magana. Abin da Ikhlas ba ta sani ba, kansilan, Alhaji Bunu, shi ne mahaifin Ummi, wadda iyayen Hammawa suka riga suka kai wa kayan gaisuwa. Abokan Hammawa kuwa sun sani sarai, shi ya sa 'yan banzan suka ɗaga hannu da sauri.

Ran zuwa, tun daga zaure Hammawa ya tuɓe takalmi, ya tsuguna, ya kafa wa tabarma ido. Ikhlas, wadda ta rako su, na ta yi masa alama ya tashi. Ina! Tsoron rasa Ummi ya hana shi motsi.

"To, me ke tafe da ku?" in ji Alhaji.

Can Hammawa, kansa a sunkuye, ya fara zazzago wa tabarma bayani: tun yaushe famfo ya lalace, wa ya yi alkawari lokacin zaɓe, wa ya manta.

Alhaji ya haɗe rai. "Kai Hammawa, da wa kake?"

"Da kansila nake, ranka ya daɗe. Baba kuwa, wallahi ko inuwarsa ba na iya takawa."

"Kansila ya ji. Baban ma ya ji."

Kafin kaka famfo ya kawo ruwa. Biki kuwa Alhaji ya ɗage shi, ya sake ɗagewa, har Hammawa ya rame, ya daina sauke gwamna. Sai da dattawan unguwa suka tafi ban haƙuri da goro sannan aka sa rana.

Yanzu 'ya'yansa da Ummi sun tasa. In ya hango Alhaji a hanya, har yau kwana yake yi da babur ya faɗa lungu. Amma ran taron gunduma shi ke zama a gaba, kai a ƙasa, yana tambayar tabarma yaushe za a gyara kwata.