Gayyar da Aka Yi Mini a Aji

Har gobe ban manta da ranar Litinin ɗin da na karɓi takardu hamsin da uku, na tarar da amsa ɗaya ba. Lokacin ina shekarata ta biyu ina koyar da Faransanci a wata kwaleji kusa da Geceme, kuma ina ji da kaina kamar ni na ƙirƙiro boko.

Ajin ƙarshe ne, masu shirin jarrabawa. Mun karanta wani ƙagaggen labari na wata ƙasa inda hukuma ta hana kowa ya fi kowa: tufafi iri ɗaya, abinci iri ɗaya, har ra'ayi ma rabawa ake yi. Mako uku ina kumfar baki a kan cewa wannan zalunci ne, dole mutum ya yi tunani da kansa. Sannan na ba su aikin gida, kowa ya rubuta ra'ayinsa game da ƙasar.

Duk suka la'ance ta, da kalmomi iri ɗaya, har da kuskure ɗaya a layi na huɗu. Ban sha wahalar gano tushen ba. Rakiya ce, wadda ta fi kowa ƙoƙari. A ƙa'idarmu, wanda ya kwafa da wanda ya bayar duk sifiri ne, kuma mai bayarwa sai ya gurfana gaban darakta. Sifiri ɗaya ya isa ya sauke ta daga ta ɗaya, matsayin da ya sa babanta ya bar ta a lakwal, wato makaranta.

Na kira ta ofishin sarbeyan, wato jami'in ladabtarwa, Malam Nomau, dattijon da ba ya gaggawa ko da gobara. Na tambaye ta dalili.

"Mushe, gayya munka yi," in ji ta, don haka suke kiran malami da Faransanci. "Mun ga abin da kake so guda ne, shi munka noma maka."

Malam Nomau ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa saboda dariya. Da ta fita ya ce ni da yaran duk mun ɓata. A gayya ana taruwa ne a gonar mutum ɗaya, gobe a koma ta wani, amma gona ba ta daina zama ta mai ita. Ya ƙara da cewa ya sha wucewa ta tagar ajina, bai taɓa jin muryar kowa ba sai tawa. Na ji kunya ƙwarai.

Na jingine sifirin, na ce su sake aikin. Na raba su rukuni-rukuni, su taimaki juna da gyaran rubutu, amma kowa da gonarsa, kuma na yi alkawarin ba zan hukunta ra'ayi ba.

Amsoshin suka zo kala-kala. Wani ya ce abin da ya dame shi kawai rashin kokawa, tunda ba mai ka da wani. Rakiya kuwa ta rubuta cewa ba za ta zauna a ƙasar ba, amma in damina ta yi nisa, rumbunsu ya koma fanko, za ta so ta kai ƙannenta can su yi wata biyu. Ban yarda da ita ba, kuma ita na ba maki mafi yawa.

Ku sababbin malamai, in aji ya ba ku amsa ɗaya, kafin ku nemi wanda ya kwafa, ku fara tambayar wanda ya raba ra'ayin. A ajina dai ni ne hukumar.