Sabuwar Kwamfutar Da Ta Ci Aikina

A shekarun farko bayan soja sun miƙa mulki, ni matashi ne mai sabon aure, ina kula da kwamfuta a wani asibitin kuɗi da ke Ƙofar Ƙaura. Ita kaɗai ce tal, kuma a cikinta rumbun bayanan majinyata yake. Na rubuta wa rumbun wata 'yar ƙaramar manhaja mai fito da katin mutum da hotonsa da zarar an buga sunansa. Da farko na haɗa ta da duk kayan aikinta a jikinta, sai ta yi nauyi. Sai na canza tsarin haɗin, ta koma aro daga laburaren haɗaka, wato fayilolin da manhajojin na'ura ɗaya ke amfani da su tare, kamar turmi a gidan haya. Na gwada, na sake gwadawa, lafiya lau. Har na fara ji da kaina.

Ana nan sai wani sabon ɗan majalisa ya ba asibitin kyautar kwamfuta fil a leda, ya ce zai zo da 'yan jarida a ƙaddamar. Da safen ranar, Alhaji mai asibitin ya ce in kwashe komai in mayar kan sabuwar, don ba za a ɗauki hoton Onarabul da tsohuwa ba. Na hango matsala, domin ban taɓa gwada haɗin a wata na'ura ba, ban kuma san ko sabuwar tana da laburaren ba. Amma Alhaji abokin mahaifina ne, kuma a gidanmu ba a musu da babba. Na ce to.

Na mayar da komai, aka taru aka yi addu'a, Onarabul ya buga suna da yatsa ɗaya. Allon ya nuna ba a sami laburare ba. Ya sake bugawa, haka. Wani cikin 'yan rakiyarsa ya tambaya ko sai an kira gwani daga Kano, aka kwashe da dariya. Tsohuwar kuwa tana ƙarƙashin tebur, aikina na cikinta ƙalau. Da la'asar aka ce in ajiye makulli.

Na faɗa wa mahaifina yadda aka yi, ya je ba da haƙuri. Alhaji ya ce masa ba kunyar da ya sha ce ta ɓata masa rai ba, sai cewa na hango matsalar na yi gum. Wannan magana har yau tana ci na.

'Yan'uwa masu wannan sana'a, in kun canza haɗi, ku gwada shi a na'urar da zai zauna. In kuma babba ya umarce ku da abin da kuka san zai iya rushewa, ku rusuna ku faɗa masa. Ni rusunawar kawai na yi.