Zaren Fatsar Baba

Shekarar da ruwa ya ci gari, Baba ya dawo gidana a unguwar Wulari daga shi sai kayan jikinsa da sandar fatsa. Mama ba ta zo ba. Sun riga sun fito kan titi tare, sai ta tuna awakinta suna ɗaure, ta ce masa ya jira ta, ta koma. Daga baya an ga awakin a kan tudu da ransu. Ita kam ko ɗankwalinta ba a gani ba.

Yayata, wadda ke aure a GRA, ta so a yi wa Mama addu'ar jana'iza a coci ko da babu gawa. Baba ya ƙi. Duk wanda ya zo lallashi amsa ɗaya yake samu: cewa ta yi ya jira. Tsohon akawu, dattijon ikilisiya, ya daina zuwa sujada, ya daina cin abincin kirki, wandonsa ya fara zamewa daga ƙugu. Abu ɗaya ya riƙe. Kullum da la'asar sai ya hau Keke Napep zuwa bakin kogin Ngadda, kusa da tsohuwar unguwarsu, ya jefa fatsa. Yaya ta ce in abin ya ci gaba a haka, ƙauye za ta kai shi, can kudu wajen 'yan'uwansa, nesa da ruwan nan. Ni kuwa na san ranar da aka raba shi da kogin da ƙarfi mun rasa shi ke nan. Sai na fara raka shi, don in samu abin faɗa mata.

Ban so wurin ba tun ranar farko. Ruwan ya janye, amma ledoji da tsummokara suna nan rataye a rassan bishiyoyin maina, sama da kan mutum, inda ya kai. Wata katifa ta maƙale a gindin bishiya ta yi baƙi. Ƙarar gari tana can baya, nan kuwa shiru, ko kwaɗo ba ya kuka. Masunta ba sa zuba taru a wannan kwanar. Na gaida wani tsoho mai gyaran koma, ya amsa min da "Wushe, Malam," ya dubi Baba, ya tattara komarsa ya matsa gaba.

Sandar Baba ta zamani ce, mai zobba da keken naɗi, a gwanjo ya saya tun yana aiki. Da tsutsar tana yake kamu a da. Yanzu ƙosai yake saya wajen wata mata a bakin hanya, mai zafi, ya ce mata ban da yaji. Ya ɗaura ƙugiya da dalma, ya sa zaren a baki ya jiƙa ƙullin da yawu kamar yadda masu fatsa ke yi, ya soka ƙosan, ya ɗaga sanda ya wurga. Sai ka ji tas! Zaren ya tsinke a iska, dalma da ƙosai su tafi can tsakiyar ruwa su nitse. Ya zauna ya sake ɗaurawa, ko tsaki babu. Haka har ƙosan ya ƙare, mu tashi.

Ni malamin lissafi ne, kuma ina da zuciya. Abu ya lalace a gabana babu dalili, ba na iya barci. Na kuma sa a raina cewa in Baba ya kama ko karfasa ɗaya, ya kawo gida aka soya, Yaya za ta yarda fatsa ce kawai, ba taɓin hankali ba. Na ce zaren ne ya sha rana ya mutu. Na je Kasuwar Kwastam na sayo sabon zaren lilo, na naɗa masa. Ya tsinke. Na ce dalmar ta yi nauyi, na rage ta. Ya tsinke. Na bi zobban sandar ɗaya bayan ɗaya da auduga, ko akwai mai tsaga da ke cin zaren, audugar ta fito lafiya lau. Na duba bakin da ya tsinke, na ga a daddanne yake, na ɗora laifin a kan keken naɗi, na kwance shi na zuba mai.

"Ticha, ka bar wahalar da kanka," in ji Baba. Haka yake kirana in yana tsokanata.

"Baba, zare ba ya tsinkewa haka kawai."

"To, wannan yana yi."

Abin da ya fi tayar min da tsigar jiki shi ne, in na karɓa na ɗaura da kaina na wurga, lafiya ƙalau. A hannunsa kaɗai yake tsinkewa, kuma kullum ɗan sama da dalma. Na fara tunanin abin da malamin makaranta bai kamata ya yi tunani ba, cewa wani abu ne a ruwan yake fizgewa. Har na daina juya wa kogin baya.

Haushi ya sa na koma kasuwa na ce a ba ni zaren da ko kada ba zai tsinka ba. Aka ba ni wani kore, saƙaƙƙe, irin na manyan giwan ruwa. Na ɗaura masa sabuwar ƙugiya mai kaifi tun daga gida, na miƙa wa Baba ina jin kaina.

A bakin ruwa ya sa zaren a baki yadda ya saba. Amma yau bai cire da wuri ba. Na ga muƙamuƙinsa yana motsi, yana ta cizo, har jini ya ɗan fito a leɓensa. Na dubi gwangwanin ƙugiyoyinsa da ke buɗe a ƙasa, na ga duk an danne bakinsu da filaya, ba wadda za ta iya kama ko ɗan tsako na kifi. Sannan na tuna Mama tana da gyambon ciki, ba ta cin yaji. Baba kuwa ko a kunu zai iya zuba shi. Ashe shi ke cizon zaren don ya tsinke, ƙosan ya tafi wa Mama. Hannun tsoho ba ya iya kai ƙosai tsakiyar kogi, sanda ce ke kai masa.

Ya ga na gane. Kunya ta kama mu duka biyu, muka rasa inda za mu sa ido. Sai ya soka ƙosan, ya wurga. Zaren ya tafi shuuu, ya sauka, bai tsinke ba.

Muka tsaya. Iska ta ɗauke, ledojin da ke kan maina suka daina motsi. Can sai bakin sandar ya sunkuya a hankali, ya saki. Ya sake sunkuyawa, ya saki. Ba fizgar kifi ba ce da na sani, ja ne mai haƙuri.

"Tarwaɗa ce, Baba," na ce.

"Haka Mamarku take jan hannun rigata in na yi gyangyaɗi a coci."

Tsoro ya kama ni sosai, ba na ɓoyewa. Ban so ya naɗo ba, ban kuma san wanne ya fi muni ba, ya fito da kifi ko ya fito da wani abin. Shi ma bai taɓa keken ba. Ya daɗe a tsaye, sandar tana sunkuyawa a hannunsa. Daga nan ya laluba aljihu ya ciro rezar da yake yanke farce. Ya yi wa ruwan magana da yarenmu, ƙasa-ƙasa, abin da na ji kawai shi ne: "Na jira." Ya yanke.

Koren zaren ya kwanta a kan ruwa, ya fara tafiya sannu a hankali. Ba inda ruwan ke gangarawa ya bi ba, sama ya nufa, wajen tsohuwar unguwarsu, har muka daina ganinsa.

A hanya ya ce in kira Yaya, ta gaya wa fasto ya sa ranar addu'ar Mama. Da muka iso wajen mai ƙosai, ta ɗago ta gan shi ta fara zubawa a takarda.

"Baba, ban da yaji ko?"

Ya tsaya yana kallon kaskon. Na zaci bai ji ta ba.

"Zuba," ya ce. "Ni zan ci."