Layi Ɗaya a Saman Jerin Kowa

Har gobe ban manta da ranar Litinin ɗin da aka kori Madam Ladi ba, kuma duk sanda na tuna sai raina ya sake ɓaci. Wajen ƙarshen shekarun saba'in ne, ina ma'aikacin kula da kwamfuta a ofishin wani kamfanin haƙar kuza a nan Jos.

Ku yaran yanzu kowa da kwamfutarsa. Mu guda ɗaya ce, ta cika ɗaki, mutum goma sha biyu ke aiki da ita. A cikinta akwai wani jeri da ke gaya mata ma'ajiyoyin da za ta duba in an kira kayan aiki, wato mai fassara shiri da ƙananan shirye-shiryen lissafi da kowa ke ara. Daga sama take farawa, sunan da ta fara tararwa shi take ɗauka, ba ruwanta da na ƙasa. Kowa yana da ɗan jerinsa na kansa, ya yi abin da ya ga dama. Amma jerin kowa ni kaɗai ke taɓa shi, kuma sai na rubuta a littafin aiki.

Madam Ladi ita ke buga mana katunan da ake huda wa ramuka don shigar da alƙaluma cikin kwamfutar, shekara tara. A makon nan lissafin zurfin ramukan gwaji ya fito ninki uku da ɗoriya. Manaja ya karanta a gaban baƙi daga hedkwata, shugaban leburori ya yi dariya ya ce shi bai taɓa haƙa rami mai wannan zurfi ba. Manaja ya ji kunya, ya nemi wanda zai huce a kansa. Ko kati ɗaya bai duba ba ya ce hannunta ne, aka ba ta takardar kora.

Na kwana biyu ina bin katunanta ɗaya bayan ɗaya. Babu kuskure ko na ɗigo. Da na buɗe jerin kowa sai ga baƙon layi a can sama, ma'ajiyar Injiniya Garba. Ashe yana da nasa shirin lissafin zurfi, suna ɗaya da namu, amma nasa da ƙafa yake awo, mu kuwa mun koma mita. Ya gaji da rubuta cikakken adireshin shirin duk sanda zai kira shi, ya karɓi kalmar sirri wurin manaja ranar da na tafi jana'iza, ya ɗora kansa bisa kowa.

Na same shi yana shan shayi. Na ce, "Injiniya, me ya hana ka sa a naka jerin?"

Ya ce, "Haba Malam Sabo, layi ɗaya ne fa."

Wallahi da ƙyar na riƙe hannuna. Layi ɗaya, mace da 'ya'ya huɗu tana zaune a gida.

Manaja ya ce in gyara shiru, in rubuta matsalar na'ura ce. Na ce, "Oga, na'ura abin da aka ce mata ta yi." Na cire layin, minti ɗaya bai cika ba. A littafin aiki na rubuta sunan Garba da na wanda ya ba shi kalmar. Ƙarin girmana na wannan shekarar a nan ya mutu, kuma ban yi nadama ba.

Dole kamfani ya janye korar, ni na kai mata takardar maida ta aiki har gidanta a unguwar Daɗin Kowa. Ta karanta a tsaye a bakin ƙofa, ta juya bayanta ko akwai wani abu. Ta ce, "Ina ban haƙurin?" Ta ninke takardar. Ta ce, "Ɗan'uwa, kai ka duba katina, na gode. Su fa?" Ta miƙo mini takardar.

Abin da na koya ke nan. A aikinmu mai kalmar sirri shi ke ɓarna, wanda ba shi da ita shi ake kora. Kafin ku taɓa abin da kowa ke amfani da shi, ku leƙa ku ga wa ke zaune a ƙaramar kujera. Garba ya yi ritaya yana darakta. Madam Ladi tumatir ta sayar a kasuwar Laranto har ta rasu.