Ranar da Na Mai da Katin Mama Data

Ni ne yaron nan da kowane gida yake da irinsa, wanda ake ƙwala wa kira da zarar waya ta yi gardama. A lokacin ina aji biyar na sakandare a Samaru, kuma a gidanmu ni ne injiniya ni ne farfesa, alhali iyakar ilimina in kashe waya in sake kunnawa. Laifin da na yi ɗan ƙarami ne, ko in ce haka na ɗauka. Mama ta aike ni in sa mata kati a wayarta, ni kuwa na mai da shi data kaf, na jona tawa na sha kallon ƙwallo. A raina na ce, wa yake kiran waya a wannan zamani?

Dama na daɗe da raba wa manhajoji muƙami. Mai launin kore ita ce sarauniya: ka danna ka zuba surutu da murya, ka tura hoto, ga kuma zauren dangi inda gwaggonnina suke wuni suna tura addu'a da hoton furanni. Mai launin shuɗi ta samari ce, can muke samun fim da tsofaffin tambayoyin jarrabawa, amma in ka tura wa babba saƙo a can, sai dai jikanka ya karɓi amsa. Saƙon tes na waya kuwa na ce na tsofaffi ne da banki. Wadda ta fi shan tsiyata ita ce Kaka, mai 'yar ƙaramar waya rakani-kashi da take ƙullewa a bakin zani. Nakan ce mata ko ɓarawo ne ya sace wayar nan, sai ya dawo da ita har gida ya haɗa da ban haƙuri. Ita kuma takan ce ta fasa aurena, me za ta yi da miji mai waya kamar faranti amma kullum sai filashin.

Wata Asabar da damina, da hantsi, yayata da ke aure a Palladan ta kira Mama. Cikinta ya tsufa, mijinta ya yi tafiya, mutanen gidan da suke haya duk sun fita. Ta ce naƙuda ta taso, ga wayarta na shirin mutuwa don an daɗe ba wuta. Kafin Mama ta gama salati wayar ta ɗauke. Asibitin da take awo yana kusa da mu, kayan haihuwar ma a ɗakin Mama suke. Sai Mama ta cilla mini wayarta, ta ce maza in kira Kawu, ƙanenta mai tuƙa keke napep a Sabon Gari, ya biya ta Palladan ya ɗauko Yaya, ita za ta yi gaba da kaya ta jira su.

Na danna kira, sai muryar matar nan ta shaida mini cikin ladabi cewa ba ni da kuɗin kira. Mama na bakin ƙofa tana gyara mayafi, ta tambaye ni ko ya ɗauka. Nan ne ya kamata in faɗi gaskiya, amma sai na ji bakina ya ce an gama. Ta fice.

Na ce ai da sauƙi, ga sarauniya. Na tura wa Kawu saƙon murya, sai ga maki ɗaya mai ruwan toka. Ni da kaina na koya wa mutanen gidan cewa maki ɗaya saƙo ya bar hannunka amma bai isa ba, sai ya zama biyu. Na zuba masa ido kamar mai jiran ganin wata, ya ƙi haihuwa. Na kira ta manhajar, shiru. Na garzaya mai shuɗi, ta nuna mini rabon Kawu da leƙa ta tun ina goye. Na faɗa zauren dangi na rubuta cewa Yaya na naƙuda. Nan take gwaggonnin Kano da na Legas suka yi ca, wannan ta ce Allah ya raba lafiya, waccan ta turo fure, wata ma da ba ta karanta ba ta yi mana barka. Da na ce wata ta kira mini Kawu da an wuce wurin, amma sai an tambayi ina katin Mama, kunya ta hana ni. Ana haka ruwa ya ɓarke, na tuna Yaya ita kaɗai a ɗaki, tana zaton keke na hanya.

Kaka da ke kan tabarma ta tambayi angon nata me ya sa yake gumi ana ruwa. Sai na fashe da kuka na faɗa mata komai. Ba ta ko zage ni ba, ta kwance bakin zani ta miƙo mini abar da nake wa dariya. Na kira Kawu, tana ta ringin bai ɗauka ba, ƙarar inji da ta ruwa sun hana shi ji. Na koma tes, ina danna kowane harafi har yatsana ya yi zafi. Bai jima ba 'yar wayar ta ɗau kuka, Kawu ne yana ihu yana tambaya tun yaushe. Ashe in yana aiki kashe data yake yi, amma yakan duba tes duk inda ya tsaya. A mahaɗar Kwangila ya sauke fasinjojinsa ya ba su haƙuri. Ya tarar da Yaya durƙushe a ƙofar gida, ta jiƙe sharkaf, ta gaji da jira ta fito neman abin hawa ƙafa ta ƙi.

Har yau ina amfani da manhajojin nan, kowacce da ranarta. Amma 'yan uwana masu yi wa iyaye hidimar waya, ku ji daga bakin wanda ya ɗanɗana: turawa daban, isa daban. In magana ta rai ce, kada ku zauna sai kun ji muryar mutum ya ce ya ji. Kuma kada ku taɓa katin uwa, ita ta san abin da ta ajiye shi domin sa. Ƙaryar da na yi a bakin ƙofa ta fi cin katin muni.

Yaya ta haihu suna isa asibiti, mace, lafiya lau ita da jaririyar. Da Mama ta ji abin da na yi, ta murɗe mini kunne har na ji tashar rediyo a ciki, ta karɓe wayata sai bayan suna. A gida kuwa yanzu ba mai ce mini injiniya. Maki Ɗaya ake kirana, Kaka ce ta raɗa.